U-571: Fim Ɗin da Ya Ɗauke Nasarar Wasu Ya Ba Wasu

A watan Afrilun 2000 kamfanin Universal ya saki wani fim na Yaƙin Duniya na Biyu mai suna U-571. Jonathan Mostow ne ya ba da umarni, Matthew McConaughey ya fito a matsayin jarumi, tare da Harvey Keitel da Bill Paxton. Labarin bai da wuyar bi. Cikin 1942 wani jirgin ƙarƙashin teku na Jamus mai lamba U-571 ya lalace a tsakiyar Tekun Atilantika. Sai sojan ruwan Amurka suka yi wa nasu jirgin, S-33, kwaskwarima ya koma kamar na Jamus, suka je da sunan kawo ɗauki, suka afka ciki, suka ƙwato na'urar rubutun sirri da ake kira Enigma. Ana cikin haka aka nutsar da nasu jirgin, ya zama dole waɗanda suka rage su tuƙa na abokan gaba su tsira da na'urar.

Fim ɗin ya karɓu. Ya tara sama da dala miliyan 120 a faɗin duniya, ya kuma ci kyautar Oska ta tace sauti. Duk wanda ya kalle shi ya san ba a banza aka ba shi ba: ƙarar ƙarfe idan ruwa ya matse jirgi a can ƙasa, da shirun da ke biyo bayan fashewar bam, suna shiga jikin mai kallo. Matsalar ita ce abin da ya nuna bai taɓa faruwa ba, kuma abin da ya faru mai kama da shi wasu mutane ne daban suka yi shi, wata bakwai kafin Amurka ta shiga yaƙin.

Abin da ya faru

Ranar 9 ga Mayun 1941, jirgin ƙarƙashin teku na Jamus mai lamba U-110 ya kai hari kan wani ayarin jiragen dakon kaya, OB 318, a kudu da Ayislan. Kwamandansa Fritz-Julius Lemp ba baƙo ba ne ga Birtaniya, domin shi ne ya nutsar da jirgin fasinja Athenia ranar 3 ga Satumbar 1939, ranar da Birtaniya ta shiga yaƙin. A wannan karon ƙaramin jirgin rakiya na Birtaniya, Aubrietia, ya gano shi, ya yi masa ruwan bama-baman da ke fashewa a ƙarƙashin ruwa, har ya tilasta masa tasowa sama. Kwamandan jirgin yaƙin Birtaniya Bulldog, Joe Baker-Cresswell, ya nufe shi gadan-gadan zai banke shi, sai ya ga Jamusawa suna ta faɗawa cikin ruwa. Nan take ya fasa. Mutum 15 daga cikin ma'aikatan U-110 suka mutu, har da Lemp, aka tsamo 32 aka yi sauri aka shigar da su can cikin jirgi don kada su ga abin da za a yi.

Wanda aka tura ya shiga jirgin wani ƙaramin hafsa ne ɗan shekara 20, David Balme, da 'yan mutane takwas a kwalekwale. Abin da ya riƙa faɗa daga baya shi ne tsani. Kafin mutum ya sauka ta bakin hasumiyar jirgin sai ya kama tsanin da hannu biyu, don haka dole ya mayar da bindigarsa cikin kube, ya sauka ƙafa a gaba, bai san ko akwai wanda ke jiransa a ƙasa ba, bai kuma san ko an ɗana nakiyar da za ta tashi da jirgin ba. Ya tarar babu kowa, sai wata fitila mai dishi-dishi. Mutanensa suka jeru, wannan ya miƙa wa wancan, suna fitar da littattafai da taswirori da duk wata takarda da suka gani. Mai kula da rediyonsu ya ga wani abu kamar tafireta a ɗakin sadarwa, ya danna harafi ya ga wani harafin daban ya haska, ya ce wannan ba lafiya ba, ya kwance shi aka hau da shi. Sun shafe sa'o'i a ciki. Ba su harba ko harsashi ɗaya ba. Washegari U-110 ya nutse ana cikin jansa zuwa Ayislan, kuma nutsewar ta zama alheri, domin Jamus ta ci gaba da ɗauka cewa jirgin ya tafi ƙasa da sirrinsa tun farko.

Akwai abin da fim ɗin ya karkatar da mutane a kai wanda ya fi batun ƙasa zurfi, shi ne ɗaukar na'urar a matsayin ita ce ganimar. Masana lissafin Foland, Marian Rejewski da abokan aikinsa Jerzy Różycki da Henryk Zygalski, sun gano yadda cikin Enigma yake tun ƙarshen 1932, kuma a Yulin 1939 suka kira Birtaniya da Faransa wani wuri kusa da Warsaw suka buɗe musu komai, har da kwafin na'urar da suka ƙera. Saboda haka masu fasa sirri a Bletchley Park, cibiyar Birtaniya ta fasa saƙonnin abokan gaba, sun san na'urar. Abin da ke ba su wahala shi ne saitinta. Sojan ruwan Jamus suna zaɓar faifai uku masu juyawa daga cikin takwas, su jera su yadda littafin wata ya ce, su sauya haɗin wayoyin gaba, kuma saitin yana canzawa kullum. Idan ba ka da saitin ranar, na'urar da ke gabanka akwati ce kawai. Takardun su ne dukiyar: jadawalin saiti, da littafin gajerun saƙonni, da na rahoton yanayi. An buga su da tawadar da ke narkewa da zarar ta taɓa ruwa, shi ya sa fitar da su a bushe daga jirgin da ke nutsewa ya zama babban aiki. Kuma U-110 ba shi kaɗai ba ne a wannan shekara. An samu takardu daga jirgin Krebs a watan Maris, da jiragen binciken yanayi München da Lauenburg a Mayu da Yuni. Da waɗannan duka ne masanin lissafi Alan Turing da mutanensa a Bletchley suka fara karanta saƙonnin sojan ruwan Jamus a kan kari, ana kautar da ayarin jirage daga inda ake dakonsu.

Sai kuma duhu ya dawo. Ranar 1 ga Fabrairun 1942 jiragen ƙarƙashin teku na Atilantika suka koma amfani da Enigma mai faifai huɗu, Bletchley ta makance kusan wata goma. A wannan shekara jiragen Jamus sun nutsar da jiragen dakon kaya sama da dubu. Abin da ya buɗe ƙofa ya faru ne ranar 30 ga Oktoban 1942 a gabashin Bahar Rum, inda jirgin yaƙin Birtaniya Petard da wasu suka yini suna farautar U-559 har ya taso cikin dare. Laftanar Anthony Fasson da matuƙi Colin Grazier suka tuɓe suka yi iyo zuwa jirgin da ruwa ya riga ya fara ci. Wani yaro ɗan shekara 16 mai aiki a kantin jirgin, Tommy Brown, ya bi su. Su biyun suna ciki suna miƙo takardu, shi yana hawa da su yana ba na cikin kwalekwale. Kwatsam jirgin ya yi ƙasa. Brown ya tsira, Fasson da Grazier suka tafi da shi. Takardun sun isa Bletchley a ƙarshen Nuwamba, ranar 13 ga Disamba aka fasa sabon sirrin. An ba mamatan biyu lambar George Cross, aka ba Brown George Medal, amma bai rayu ya karɓa ba, ya rasu a gobarar gida a 1945.

Amurka ma tana da nata. Ranar 4 ga Yunin 1944 rundunar Kyaftin Daniel Gallery ta kama U-505 a gaɓar Afirka ta Yamma, Laftanar Albert David ya jagoranci shiga ciki, ya samu lambar yabo mafi girma ta ƙasarsa. Jirgin yana nan a gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Chicago. Shi kuwa ainihin U-571 ba wanda ya taɓa kama shi. Wani jirgin sama na rundunar Ostareliya ne ya nutsar da shi yamma da Ayalan ranar 28 ga Janairun 1944, duk mutum 52 da ke ciki suka mutu.

Ƙurar da ta tashi

Tun ana ɗaukar fim ɗin labari ya isa Birtaniya, kuma ran tsofaffin sojoji ya ɓaci. Mutanen Horsforth, wani gari kusa da Leeds da ya tara kuɗi a lokacin yaƙi ya ɗauki Aubrietia a matsayin jirginsa, suka sa ɗan majalisarsu Paul Truswell ya rubuta wa Shugaba Bill Clinton. Clinton ya amsa da cewa fim ɗin ƙagaggen labari ne. A Yunin 2000 maganar ta shiga zauren majalisa: Brian Jenkins, mai wakiltar Tamworth, garin su Colin Grazier, ya ce fim ɗin cin fuska ne ga matuƙan Birtaniya da suka rasa rayukansu, Firayim Minista Tony Blair ya ce ya yarda da shi.

Masu fim ɗin ba su yi kunnen uwar shegu ba. Sun gayyaci David Balme zuwa Malta inda ake ɗaukar wasu sassa, suka kuma amince a saka rubutu a ƙarshe da ke jero kamun gaskiya guda uku, U-110 da U-559 da U-505, da shekarunsu da sunayen jiragen da suka yi aikin. Balme kansa, wanda ya fi kowa haƙƙin yin fushi, bai yi ba. Ya yaba fim ɗin, yana ganin da ba a mayar da labarin na Amurkawa ba da ba a samu kuɗin yin sa ba, kuma ta dalilinsa mutane da yawa sun fara jin sunan U-110. Wannan matsayi nasa yana da nauyi, bai kamata a tsallake shi ba.

Inda gizo ke saƙar

Hujjar masu kare fim ɗin ita ce ba darasin tarihi ba ne, nishaɗi ne, kuma ba su taɓa cewa labarin gaskiya ba ne. Akwai gaskiya a ciki. Babu fim ɗin yaƙi da zai yiwu ba tare da ƙari da ragi ba. Dole a dunƙule wata shida cikin sa'a biyu, a haɗa mutum biyar su zama ɗaya, a sa wa mutane maganar da ba wanda ya rubuta ta lokacin da aka yi ta. Wanda ya ce sai an bi kowace rana da kowane maɓallin riga bai san yadda ake ba da labari ba. U-571 ma yana da irin waɗannan, kuma ni ban ga abin tayar da jijiyar wuya a kansu ba. Ya nuna jirage biyu suna musayar topido, wato makamin da ake harbawa ta cikin ruwa, dukansu a nutse, alhali sau ɗaya tak aka san jirgi a nutse ya halaka wani a nutse, lokacin da Venturer na Birtaniya ya harbo U-864 kusa da Nowe a Fabrairun 1945. Ya kawo jirgin yaƙin Jamus shi kaɗai yana yawo a inda irinsa ba sa zuwa. Waɗannan gishiri ne, ba wanda suka zalunta.

Ɗauke aiki daga hannun wanda ya yi shi a ba wani kuwa wani abu ne daban. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya sa wannan ya fi ciwo a nan shi ne yanayin mutanen da aka yi wa. Sojan da ya yi jarumta a fili, jaridu sun buga, garinsu ya yi masa biki, ko an yi fim an karkatar da labarinsa akwai abin da jama'a suka riga suka sani da zai tsaya masa. Su waɗannan an rantsar da su kada su faɗa wa kowa. Sirrin Bletchley bai fito fili ba sai 1974. Iyalan Fasson da Grazier sun karɓi lambobi ba tare da an gaya musu abin da takardun suka haifar ba. Shekaru talatin suna shiru saboda ƙasarsu ta ce su yi shiru, kuma lokacin da labarin ya samu hanyar isa ga miliyoyin mutane a karon farko, sai ya iso da tutar wata ƙasa da fuskokin wasu mutane. Ga mafi yawan masu kallo a duniya babu wani labari da ya riga wannan shiga kansu, don haka shi ya zauna.

Kuma kyawun aikin fim ɗin shi ya ƙara wa ƙaryar ƙarfi. An kashe kuɗi wajen gina cikin jirgi daidai da na gaske, ma'aunai da bawul-bawul da rubutun Jamusanci a jikinsu, kayan sojoji, har da nuna cewa baƙar fata a sojan ruwan Amurka na wancan lokaci ɗakin girki aka fi taƙaita shi. Mai kallo yana ganin wannan kulawa sai ya saki jiki, ya ce mutanen da suka damu da ƙusa ba za su yi wasa da babban abu ba. Ga shi an ɗauki lambar jirgi na gaske, da sunan na'ura ta gaske, da shekara ta gaske. Ba daidai ba ne a ari duk alamun gaskiya don a samu yardar mutane, sannan idan an tambaya a ce ai tatsuniya ce.

Shekarar da aka zaɓa ma tana da abin dubawa. A farkon 1942 sojan ruwan Amurka suna cikin mawuyacin hali a bakin gaɓarsu. Ba a fara tafiyar ayari da rakiya a can ba, biranen gaɓa suna kunna fitilu da dare, jiragen Jamus suna hango inuwar jiragen dakon mai suna harbo su son ransu. Wato fim ɗin ya ɗora babbar nasara a daidai watannin da tarihi ya rubuta babbar asara. Abin takaicin shi ne Amurka ba ta rasa abin alfahari na gaske a wannan fage ba. Ban da U-505, akwai injinan fasa sirri sama da ɗari da Joseph Desch ya jagoranci ƙerawa a Dayton ta jihar Ohayo, waɗanda daga 1943 suka ɗauke mafi yawan nauyin fasa Enigma mai faifai huɗu.

Ba Birtaniya kaɗai aka taɓa ba, ko da yake muryarta aka fi ji. Akwai wurin da fim ɗin ya nuna kwamandan Jamus ya sa an buɗe wuta kan mutanen da suka tsira a kwalekwale, kamar wannan ita ce ƙa'idar aikinsu. Shari'a ɗaya aka yi bayan yaƙi kan irin wannan laifi daga jirgin ƙarƙashin teku na Jamus, ta Heinz-Wilhelm Eck na U-852, wanda ya harbi waɗanda suka tsira daga jirgin Girka Peleus a Maris ɗin 1944, aka kuma kashe shi a Hamburg a ƙarshen 1945. Umarnin Karl Dönitz, shugaban rundunar jiragen ƙarƙashin teku ta Jamus, na hana ceto ya zo ne a Satumbar 1942, bayan wani jirgin saman Amurka ya jefa bam kan U-156 yana tsaka da ceton mutanen jirgin Laconia. Faɗin haka ba wanke gwamnatin Nazi ba ne, laifuffukanta na gaske sun isa su cika fina-finai dubu. Amma mutum 52 na ainihin U-571 suna da 'ya'ya da jikoki, kuma an liƙa wa lambar jirginsu kisan da ba a taɓa tuhumarsu da shi ba.

Sannan ita Birtaniya da ke kuka, ba a daɗe ba aka ga nata. A 2001 aka fitar da wani fim can mai suna Enigma, wanda ya sa maci amanar Bletchley ya zama ɗan Foland, ƙasar da mutanenta suka fara fasa na'urar suka miƙa ta kyauta. Mutanen Foland suka yi irin kukan da Birtaniya ta yi shekara ɗaya kafin nan, sai dai bai yi amo kamar wancan ba. Wannan ya nuna mini cewa ciwon ba na Holiwud kaɗai ba ne. Duk mai kuɗin yin fim yana jan bargon zuwa gefensa, kuma wanda ba shi da masana'antar fim mai ƙarfi shi ake bari a waje.

Saura batun rubutun ƙarshe, wanda ake nunawa a matsayin an biya bashi. Ya fi babu, amma bai kai ba. A 2009 wasu masana halayyar ɗan Adam a Jami'ar Washington da ke St. Louis, Andrew Butler da Henry Roediger da abokan aikinsu, sun ba ɗalibai rubutun tarihi ingantacce su karanta, suka kuma nuna musu guntayen fina-finai da suka saɓa wa rubutun. Da aka gwada su bayan mako guda, sau da yawa abin da fim ya nuna suka kawo, wasu ma suna cewa a rubutun suka karanta shi. Gargaɗi na gaba ɗaya, irin na cewa fim yana iya ƙunsar kuskure, bai hana ba. Abin da ya yi aiki shi ne a faɗa musu takamaiman abin da aka canza kafin su kalla. Rubutun U-571 yana zuwa ne bayan kusan sa'a biyu na hoto da sauti, lokacin da mutane suka fara miƙewa, kuma bai ce abin da kuka gani bai faru ba. Jero kamu uku da ya yi, na Amurka a cikinsu, yana iya sa mai kallo ya ɗauka fim ɗin ɗaya daga cikinsu ya ba da.

A 2006 ɗaya daga marubutan fim ɗin, David Ayer, wanda shi kansa ya yi aiki a jirgin ƙarƙashin teku na sojan ruwan Amurka, ya yi magana da gidan rediyon BBC. Ya ce abin da suka yi murɗe tarihi ne, shawara ce ta neman kuɗi don a jawo masu kallon Amurka, kuma ba zai sake ba. Ya ƙara da cewa kakanninsa biyu hafsoshi ne a wannan yaƙi, kuma da wani zai murɗe abin da suka yi, da ransa ya ɓaci. Wannan ya rushe hujjar cewa labarin ne ya buƙaci canjin. Tsoron da ke cikin saukar Balme a tsani, ko daren da Fasson da Grazier suka yi iyo zuwa jirgi mai nutsewa, ba ya buƙatar a sauya wa kowa ƙasa kafin ya riƙe mai kallo. Lissafin kasuwa ne ya buƙaci canjin, kuma ɗaya daga waɗanda suka rubuta shi ne ya faɗa da bakinsa, shekara shida bayan an gama cin kuɗin.